Ɗanyen Banish

Duk layin ba mai kiransa da sunan yanka. Sai-Gobe ake ce masa, kuma yana amsawa, don ya san ba a banza ya sami sunan ba. Kafinta ne tun yana saurayi. Shagonsa na nan tsakanin mai gyaran rediyo da mai wanki da guga, rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, katako jingine ta ko'ina, garin zarto har idon sawu. Aikinsa ba shi da makusa, ƙofar da ya haɗa sai dai gidan ya rushe ya bar ta. Amma kafin ka karɓe ta sai takalminka ya haddace hanyar shagon. Ka zo da safe ya ce da yamma, ka zo da yamma ya share gumi ya ce saura banish kawai, wato man nan mai sa katako sheƙi, ka dawo gobe.

Masu kawo aiki sukan yi faɗansu su canza kafinta. Mutanen gidansa kuwa ba su da wani kafintan da za su koma wa. Matarsa ta tsufa tana jera kwanuka a kan wata tsohuwar kanta mai ƙafa uku, bulo ne ke riƙe da ta huɗun. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana 'yar firamare ya yi mata alkawarin teburin karatu. Har ya auna tsayinta, ya yanka ƙafafun, ya jingine su a bayan shago. A ƙasa ta yi karatunta, rub da ciki, har ta gama, ta sami aikin jinya a wani gari mai nisa, ta yi aure a can. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Abin da ta yi ya fi gori ciwo, daina roƙonsa komai ta yi. In ya ce zai yi mata wani abu, sai ta ce to, da irin muryar da take lallashin marasa lafiya.

Yanzu ƙarfi ya ƙare. Gwiwa na ƙara, ido sai da tabarau, yatsun kuwa da safe sai ya murza su kafin su yarda su riƙe guduma. Mutane sun koma sayen kujerun kanti, shi kuma an bar masa gyaran waɗanda suka karye. Yakan zauna a bakin shago ya rasa ma wanda zai ce wa sai gobe.

A hutun ƙarshen shekara Auta ta zo da 'yarta, yarinya mai wayo da surutu kamar rediyon maƙwabcinsa. Shi yana kiranta Amarya, ita kuma tana cewa ba ta son tsohon miji mara haƙori. Ranar da suka sauka ta haye cinyarsa tana ba shi labarin wata ƙawarta da aka saya wa ɗan tsuntsun roba mai fil a baya, ana maƙala shi a ƙirjin riga, duk ajin sai kallonta ake yi. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi. Ya ce zai sassaƙa mata na katako, wanda zai sa na ƙawar ya ji kunya.

Auta na ninke kaya, ta ɗago kai ta dube shi. Sai da ya tashi zai fita ta biyo shi bakin ƙofa.

“Baba, don Allah kada ka yi mata alkawari. Ni na saba. Ita ba ta saba ba.”

Maganar ta dake shi a ƙirji. Ya tafi shago yana jin kunyar da bai taɓa ji ba gaban masu zaginsa. A ranar ya fara, abin da ko maƙwabtansa sai da suka leƙo suka gani da idonsu.

Ashe ƙaramin aiki ya fi babba wahala. Hannun da ya saba da ƙofa da gado bai san lallaɓa abin da bai wuce babban yatsa ba. Tsuntsun farko bakinsa ya ɓalle. Na biyu wuƙa ta zame ta tafi da fiffike, ta haɗa da fatar yatsansa. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya yi tsaki, ya ɗauko wani guntun farin katako mai laushi. Ya janyo benci bakin ƙofa inda haske yake, ya duƙa yana fiƙewa kaɗan-kaɗan, wuyansa na zafi, idanunsa na ruwa. Mai wanki da guga ya kawo kujerar da ta karye, ya ce masa ya ajiye. Kullum in ya dawo gida yarinyar sai ta lalube aljihunsa, shi kuma sai ya ce tsuntsu na nan yana fitar da gashi. Auta ba ta tambaya. Matarsa ce kawai ta lura da tsumman yatsan, ta kwance shi ta sa masa magani tana mita.

Ana saura kwana ɗaya su koma tsuntsu ya fito. Ɗan ƙarami ne, ya karkata kai gefe, an zana masa fiffike da tsinin wuƙa, an goge shi da sanfefa har ya yi santsi. Ya tsaga masa layi a baya, ya dasa fil, ya cike da gam. Ya ɗora shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Da a ranar ya kai shi gida, da magana ta ƙare lafiya.

Amma shi a tsarinsa ba a miƙa aiki tsirara, kuma ba a shafa banish sai ranar da mai kaya zai ɗauka, don ya tarar da shi yana walƙiya yana ƙamshin sabo. Haka ya koya, haka ya yi duk rayuwarsa. Masu dako su ɗauki gado hannu na danƙo, su goge a wando, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Bai zo masa a rai ba cewa ba a rataya gado a ƙirjin riga.

Da safe, motar haya na tsaye a ƙofar gida ana loda jakunkuna, shi yana shago yana shafa wa tsuntsu banish har sau biyu. Ya riƙo shi ta fil ɗin, ya taho yana ɗingishi yana hura shi da baki. Direba ya fara danna hon. Yarinyar na sanye da sabuwar farar rigar da uwarta ta ɗinka mata don hutun. Tana hango abin da ke hannunsa ta daka tsalle ta banƙaro ƙirji. Ya durƙusa da ƙyar ya maƙala mata, ita kuma ta rungume shi don murna, ta manne tsuntsun tsakaninsu.

Da ta saki, sai ga tabo ruwan ƙasa ya malale a gaban rigar, zare ya liƙe a bayan tsuntsun, hannayenta duk danƙo. Ta dubi rigar, ta fara kuka. Sai-Gobe na durƙushe bai iya tashi ba. Ya san banish ba ya fita daga farin yadi, ya fi kowa sani. Gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, har ya ji da ma bai fara ba.

Auta ta sunkuya ta cire fil ɗin a hankali. Ta juya tsuntsun ta duba fiffiken, ta duba kan da ya karkata, sannan ta dubi yatsan ubanta. Ya jira ta ce to, Baba, ta miƙo masa.

“Yi shiru,” ta ce wa yarinyar. “Riga ana sake wata. Kakanki ya cika miki alkawari.”

Ta kau da kai ta tura yarinyar cikin mota. Matarsa ta kama hannunsa ta ɗaga shi, tana cewa shi dai ba zai taɓa canzawa ba.

Motar ta tashi. Ya tsaya yana kallonta tana kauce wa ramukan layin. Can sai ya ga gilashin baya ya sauka, hannun Auta ya fito waje, riƙe da tsuntsun da yatsu biyu ta wajen fil ɗin, tana ba shi iska ya bushe. Har motar ta sha kwana hannun bai koma ciki ba.