Takalmin Yaya Buba a Kwazazzabon Miri

Duk wanda ya san Yaya Buba ya san aljihunsa ba ya rabuwa da duwatsu. Wasu su cika nasu da goro, shi tsakuwa! Matarsa Inna Hajara ta ɗinke aljihu har ta gaji. Yayana ne, ɗan wan babana, malamin jami'a mai koyar da yadda duwatsu, koguna da kwazazzabai suke samun siffarsu. Ni kuwa keke nake ja a unguwar Gwallaga, sai da furfura ta fito na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Da korona ta rufe makarantu, shugaban sashensu ya ce ko dai ya koyar ta waya, ko a ba wani matashin malami darasin. Ranar ko tuwo bai ci ba.

"Darasin da nake riƙe da shi tun yaron nan bai yi gemu ba? Sale, kawo kekenka! Kai za ka riƙe min wayar."

"Yaya, ai a ɗaki ake yi."

"A ɗaki? Ka taɓa ganin dutse a kan gado?"

Haka muka dinga hawa duwatsun bayan garin Miri, ina haki, shi ko a jikinsa. In ya fara darasi kuwa, ihu yake zabgawa har awaki su watse.

"Yaya, sassauta, wayar tana kai magana."

"Kai dai riƙe! Akwai 'yar Gombe a ajin, ka san nisan Gombe?"

Ya kafa doka: kowane ɗalibi ya nuna dutsen garinsu kafin a fara. Wani da ke Legas ya ɗago guntun bulo. Yaya ya gyara tabarau, ya ƙura masa ido.

"Sannu da ƙoƙari. Wannan a wane dutse aka haƙo shi, katangar maƙwabta?"

Ranar da shugaban zai shiga ajin ya ga ko za a bar masa darasin, sai ga hadari ya haɗo. Na ce a fasa. Ya ce, "Zaizayar ƙasa zan koyar, Allah ya turo mana malamin da kansa, ka ce a fasa?" Ya cusa wayar a ledar burodi, muka gangara kwazazzabo. Yana cikin bayani ruwa ya fizge masa takalmi ɗaya.

"Yaya, takalminka!"

"Nuna musu! Kun gani? Haka ruwa yake kwasar ƙasa. Inda ya gaji, nan zai ajiye. Gobe a can ajinmu yake!"

Washegari kuwa muka sami takalmin binne cikin yashi a bakin wata gonar dawa. Shugaban ya bugo waya yana dariya, ya ce darasin na Yaya ne har ya yi ritaya. Bai kai ba. Daminar da ta biyo baya Allah ya karɓi abinsa.

Ɗalibansa suka zo ta'aziyya, wasu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba. Ina miƙa ruwa wata ta kalli hannuna ta ce, "Baba, kai ne mai yatsan da ke tare mana rabin Malam!" Aka fashe da dariya, sai kuma kowa ya shiga sharar ido.

Allah ya jiƙan Yaya Buba, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, ya haskaka makwancinsa. Amin.