Rakiyar Kawu a Dakko

Aikin rediyo ya bar mini hali guda: in an ce ƙarfe shida, to shida ake nufi. Da wannan halin na tsara tafiyar keken da muka yi da abokina, wani mahauci a Talata Mafara da muka tashi unguwa ɗaya. Likita ya gaya masa yana da hawan jini, ya rage kitse, ya riƙa motsa jiki, amma kada ya yarda rana ta dake shi. Abokin nawa ne ya kawo shawarar mu yi zagaye na kwana uku: daga Mafara zuwa Bakura, mu kwana a Dakko gidan kawuna, washegari mu bi ta gonakin rani mu faɗa Maradun, sannan mu dawo gida. Lokacin hanyoyin ba su lalace yadda suka lalace daga baya ba.

Bazara ce, don haka na kafa sharaɗi: mu hau da an sallame asuba, mu sauka kafin sha ɗaya, ko a ina muke. Ranar farko haka aka yi. Muka wuni a inuwa a Bakura, da la'asar ta yi sanyi muka ƙarasa Dakko.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ya haura saba'in, kuma ban taɓa jin wani ya ce masa a'a ba. Ya karɓe mu da murna ta gaske. Da kansa ya tura kekunan ya sa a ɗakin da yake ajiye hatsi, ya datse, ya jefa makullin a aljihu. Bayan magariba na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla: baƙonsa ba shi da lafiya, likita ya hana shi rana, dole mu fita da duhun asuba.

"Allah shi kai mu," in ji shi.

Na ɗauka amincewa ce.

An sallame asuba biyar da rabi. Muka dawo muka ɗaura jarkokin ruwa cikin jiƙaƙƙen buhu, muka tsaya ƙofar ɗakin hatsi. Kawu bai fito daga masallaci ba. Yana wuridi, kuma ba a katse dattijo yana wuridi. Makulli na aljihunsa. Ina tsaye ina kallon gabas tana yin fari, iska mai sanyi tana wucewa a banza. Sai bakwai saura kwata ya shigo, ya fara gaisuwa daga tushe: kwana, gajiya, baƙunta, sauro, iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, makullin," na ce.

"Ku tahi ba ku ci komi ba? A gidana? Mutane su ce mi?"

"Rana muke gudu."

"Rana? Mu da munka tsuhwa cikinta ba ta kashe mu ba. An yanka zakara, yana bisa wuta."

Na dubi abokina don ya taimake ni. Ya yi dariya ya ce, "Mai labarai, aje agogonka. Ni dai ban taɓa gudun nama ba, ba yau za ni hwarawa ba."

Zakara ya nuna takwas da kwata. Muka ci, muka sha kunu. Na miƙe, sai Kawu ya ce ba a kwana a gari a fita ba a gaida mai gari ba. Muka je. Daga can ya tuna an yi rasuwa a wani gida makon da ya wuce, kuma an ga shigowarmu, in ba mu yi ta'aziyya ba shi za a zaga. Muka je, muka zauna, aka yi addu'a, aka kawo ruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zan iya nunawa in ce laifi ne. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Kowanne daidai yake, kuma kowanne yana cin rabin awa daga lafiyar mutumin da ke zaune kusa da ni.

Tara da rabi aka buɗe ɗakin hatsi. Na ɗora ƙafa a feda, sai na ga Kawu ya kama kan keken abokina yana turawa. Rakiya. Ba a barin baƙo ya ɗauki kayansa, kuma ba a hawa keke dattijo na tafiya a ƙasa. Muka bi shi a ƙafa, da irin takunsa. Duk wanda muka gamu da shi sai an tsaya.

"Wanga ɗana ne da kuke ji a rediyo. Wanga kuwa babban mahauci ne a Mafara. Bisa keke sunka zo, ka ji ikon Allah!"

Sau uku ina cewa, "Kawu, a nan ma ya isa, mun gode." Sau uku yana cewa, "Ɗan gaba kaɗan." Muka fita gari, muka wuce maƙabarta, har bakin gonarsa, inda ya tsaya ya nuna mana ɓangaren da zai sa gero bana da wanda zai bar wa gyaɗa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi mana doguwar addu'ar tafiya. Da ya saki kan keken, ƙarfe goma da minti ashirin.

A nan nawa laifin yake. Na ce wa abokina mu koma mu jira yamma.

"Mu koma?" ya ce. "Shi sake yanka zakara, shi sake raka mu? Wallahi sai mu yi Sallah a Dakko. Hau mu tahi."

Na san amsar da ta dace. Na kuma san kunyar komawa gidan da aka yi mana addu'ar bankwana. Na hau.

Hanyar ba ta da inuwa. An girbe yawancin gonakin, ƙasa ta yi fari tana mayar da zafi a fuska. Ƙarfen birki ba ya taɓuwa. Kafin sha biyu buhun ya bushe, ruwan jarka ya koma kamar na wanka. Abokina yana gaba yana tsokanata, wai in karanto masa labaran duniya ko tafiyar ta yi sauri. Daga baya tsokanar ta ragu. Daga baya ta tsaya. Na matso kusa da shi na ga rigarsa, wadda ɗazu take sharkaf da gumi, ta bushe, fuskarsa ma a bushe. Na ce mu tsaya a wata bishiyar da nake hangowa. Ya amsa da wata magana da ban gane ba. Keken ya yi dama, ya yi hagu, ya kwanta da shi. Ɗaya saura minti goma.

Wani manomi da ke ban ruwa da inji ya rugo, muka ja abokina gefen ramin ban ruwan muna kwara masa ruwa. Sai da muka yi fiye da rabin awa kafin wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa ta biyo. A kan buhunan albasa muka kai shi asibiti a Mafara, kansa a cinyata. Aka ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Kwana uku bayan haka Kawu ya zo dubiya, da ƙwaryar fura da ƙwan zabi. Ya yi gaisuwa cikakkiya, ya yi addu'a, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya juyo gare ni.

"Amma ku yaran yanzu ba ku da lissahi. Mai tahiyar keke da bazara ai da asuba yake hita. Mi ya sa kunka yi rana haka?"

Ban ɗaga murya ba. Na gaya masa da irin muryar da nake karanta labarai: biyar da rabi muna ƙofar ɗakin hatsi, bakwai saura kwata ya fito masallaci, takwas da kwata zakara, tara da rabi makulli, goma da ashirin bakin gonarsa. 

"To laihi ne don na girmama baƙona?" ya ce.

Zan amsa, abokina ya ɗaga hannun hagu daga kan gado ya dakatar da ni. Da ƙyar, da karkataccen baki, ya ce, "Baba, mun gode da hidima."

Labarin da ya isa wurin dangin mahaifiyata shi ne na ci mutuncin dattijo a gaban jama'a, kuma har yau wasunsu a daƙile suke amsa gaisuwata. Ban ba da haƙuri ba. Abokina ya tashi, yana tafiya da sanda, maganarsa ta dawo sai ɗan nauyi. Kullum da safe ana kai shi rumfarsa a kasuwa, ya zauna a benci hannun dama a kan cinya, yana kallon wasu suna yanka naman, yana gaya musu inda suka karkace.