Sunan da Na Ƙara a Littafin Jana'iza

Karatuna bai wuce firamare ba. Buga rubutu na koya ne a ofishin wata masaƙa a Kakuri, inda na yi masinja. Idan akawu ya fita cin abinci sai in zauna gaban tafiretarsa. Bayan sojoji sun koma bariki masaƙar ta rufe, sai wata Madam mai shagon buga takardu a unguwar Television ta ɗauke ni, ta koya mini kwamfuta.

Ni mutum ne mai fargaba. Wasiƙa mai layi biyar sai in karanta ta sau huɗu kafin in fitar. Aikin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗan littafin jana'iza da Kiristocin unguwar ke bugawa: hoton mamaci, tarihinsa, waƙoƙin coci, sannan jerin waɗanda ya bari. Jerin nan kowa ke fara dubawa a wurin binnewa, kuma wanda bai ga sunansa ba yakan riƙe abin har tsufansa. Idan ya yi ƙorafi, amsar ɗaya ce: an riga an buga.

Wata shekara maƙwabcinmu mai gyaran waya ya sa mini manhajar rubutu a wayata, irin ta kwamfutar shago sak. Ban yarda da ita ba. Mako guda na yi ina buga abu ɗaya a waya da kwamfuta, in fitar da takardun, in haɗa su in ɗaga a hasken taga ko layi ya goce. Bai goce ba. Madam ta ce, "Malam, takarda za ka ƙarar mini ko aiki za ka yi?"

Ana nan wata Alhamis wani ma'aikacin gwamnati ya kawo aikin jana'izar mahaifinsa, rubuce da hannu. Ranar Asabar za a tafi da gawar ƙauye. Na buga komai, amma sunaye biyu suka gagare ni karantawa, lambarsa kuma ba ta shiga. Sai na kwafi aikin a wayata, na hau acaɓa zuwa gidan makokin a Narayi.

A falo na same shi da dattawa. Akwai wata tsohuwa, yayar mamacin, a kan doguwar kujera. Ya gyara mini sunayen biyu, zan tashi ke nan ta ce, "Ɗana, idona ba ya gani. Karanta mini duka."

Na karanta a hankali. Ina cikin haka wata mata ta shigo da tiren ruwa, ta tsaya bakin ƙofa. Da na kai ƙarshe tsohuwar ta nuna ta.

"Ina sunan wannan?"

A nan na ji labarinta. 'Yar abokin mamacin ce. Ya ɗauko ta tana ƙarama da iyayenta suka rasu, kuma ita ta yi jinyarsa har ya cika.

Babban ɗan ya ce, "Mama, an riga an buga. Ko ba haka ba, Malam?"

Shi ya kawo aikin, kuma Madam ba za ta so in kore mata mutum irinsa ba. Kai kawai zan gyaɗa a wuce wurin. Amma ga shafin a buɗe a hannuna.

Na ce, "Oga, ba a fitar ba tukuna. Ana iya ƙarawa yanzu."

"Wa ya tambaye ka?"

"Kai ne, Oga."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya har da tari.

Tsohuwar ta ce, "Rubuta. Cikin 'ya'ya, a bayan wanda ya girme ta."

"To a sa 'yar riƙo a gefe," in ji shi.

"Da take wanke shi, kai kana ofis, ba ka ce 'yar riƙo ba."

Ban taɓa komai ba. Na miƙa masa wayar na ce, "Oga, aikinka ne. Sai ka ce in sa." Ya daɗe yana kallon jerin. Can ya ce, "Sa mana, kana ta kallona."

Sai a karo na uku na buga sunan daidai. Na nuna wa matar ta duba. Ta ajiye tiren, ta goge hannu a zaninta kafin ta karɓi wayar. Ta karanta, ta ce daidai ne, ta fita da sauri.

A shago na zayyana wa Madam komai, ina jiran faɗa. Ta ce, "Kai da ko kaza ba ka iya korewa?" Ta kunna janareta da kanta.

Ranar Juma'a babban ɗan da kansa ya zo karɓa. Ya buɗe guda a shafin, ya bi jerin da yatsa, ya tsaya a suna na uku. Ya rungumi kwalin ya kai mota, kuma haka aka raba littafin a bakin kabari, da sunanta a tsakiyar 'yan'uwanta.