Ranar da Malam Iliya Ya Tsaya a Kangon Coci

Juma'ar nan Malam Iliya ya cika shekara shida a maƙabartar Al-Oud da ke nan Riyad. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, amma har yau ina tambayar kaina ko na san mutumin da na kwantar.

Shekara tara muna ɗaki ɗaya a Birnin Masana'antu na Biyu. Kafilinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ɗaya ne, babbar mota ɗaya muke tuƙawa karɓa-karɓa, muna kai rodi gabas, bakin teku. Ya girme ni, shi ke jan mu salla, kuma ba mai yawan magana ba ne.

Wata rana da hantsi, bayan mun sauke kaya, sai ya bar kwalta ya bi wata hanyar rairayi, ya tsaya gaban wani shingen waya. Ba komai a ciki sai guntayen bango da yashi ya binne rabinsu. Ya ce wani Balarabe mai raƙuma ne ya nuna masa wurin, ya ce coci ce, mutanen gaɓar nan suka gina ta tun kafin zuwan Musulunci. Na ɗauka zolaya ce. Coci a ƙasar nan?

"Malam, mu tafi," na ce masa. "In 'yan sanda suka gan mu, takardar iƙamarmu ta zaman ƙasa ce a ciki."

Ya dafa shingen, ya daɗe yana kallon bangon. Sai da muka hau kwalta ya ce, "Sabo, mahaifiyata Kirista ce. Da ta rasu, a coci aka yi mata addu'a. Ina tsaye a tsallaken titi har aka fito da ita. Ban shiga ba."

Sai na kunna rediyo. Bai ƙara tayar da zancen ba. Bayan wata takwas ya yanke jiki ya faɗi a wurin lodi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Riyad ta canza bayansa. An farfasa tituna ana aikin jirgin ƙasa, mata sun fara tuƙi, ana ta maganar buɗe wuraren tarihi don baƙi. Da yana nan, zai koma kangon nan? Ban ma san abin da ya je nema ba. Wani lokaci in ce gafarar uwarsa, wani lokaci in ce so yake ya ga masu addininta ma sun taɓa zama a ƙasar da muke fuskanta in za mu yi salla. Wani lokaci kuma in ce ni ya kai wurin, don ya sami mai saurare.

Watan jiya 'yarsa Hauwa ta kira ni daga Zariya, ta haifi mace. Ta ce a gidansu ba a ambaton kakarta ta wajen uba, tana so ta ji ko babanta ya taɓa ba ni labarinta. Na faɗa mata komai, har tsayuwarsa a tsallaken titi. Sai ta ce, "Kawu, yaya sunanta?"

Abin da ya rage mini na Malam Iliya ke nan. Sau ɗaya ya buɗe mini cikinsa a shekara tara, da sauran tafiyar awa biyar a gabanmu, ban tambaye shi ko sunanta ba.