Ruwa a Ƙoƙon Kafireto

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, makaniken da ya yi zamaninsa a bakin tashar Isa. Na daɗe ina son rubutu a kansa, ina fasawa, don tsoron kada in ƙara ko in rage.

A shekarun fari ne, ban daɗe da gama jami'a ba, ina malamin gona. Mutanen Unguwar Lalle sun riga sun cinye irin shukarsu. Da ruwan farko ya sauka, aka ba ni buhunan irin gero in kai musu kafin laimar ƙasa ta tsere, abin da ba ya wuce kwana biyu. Kawu ya ce shi zai kai ni a tsohuwar akori-kurarsa.

Ni na sayo mai a jarkar gidanmu, wadda ake ɗebo ruwa da ita. Na ga ɗan sauran ruwa a gindinta. A lokacin ba wanda ke zubar da ruwa a ƙasa, ban kuma sami ƙwarya kusa ba, sai na ce a raina ai bai kai komai ba.

Mun wuce Sabon Birni kaɗan motar ta soma tari, ta ƙi tsayawa a silo, wato ƙaramin gudun inji, ta mutu. Na ba da shawarar a murɗa sukurun silo, kamar yadda na taɓa karantawa. Kawu ya ce shi ba ya taɓa sukuru sai ya ga abin da inji ya sha. Ya kwance ƙoƙon kafireto, inda mai ke taruwa kafin ya shiga inji, ya juye a kofin shayinsa na gilashi, ya ɗaga wa rana. Ruwa ya kwanta a ƙasa, mai yana bisa.

Na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni, ya ce:

"Ɗan boko, duk Gobir ana roƙon ruwa, kai ka samu ka ba mota?"

Sai ya hau aiki. Ya zuƙe tankin a daro, ya jira ruwan ya kwanta, ya tace man da hularsa, ya hure ƙananan ramukan kafireton da bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan la'asar muka isa, aka yi shuka washegari. Gonakin kwari sun tsiro, wasu na tudu ba su tsiro ba. Mai yiwuwa ko da mun isa da hantsi haka za ta kasance. Ban sani ba, har yau ina juya shi.

Yanzu na'ura ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ina jin da Kawu zai yaba, don ba ya ƙin sabon abu, amma sai ya nemi kofi ya duba da idonsa.

Garejinsa ya zama shagon cajin waya, masu gyaran kafireto kuma sun yi ƙaranci. Abin da ya rage mini shi ne amsar da ya ba mai gari da ya tambayi dalilin jinkirinmu. Ina tsaye a gefensa, ina jiran in ji sunana.

"Ranka ya daɗe, mota ce ta tsufa, kamar mai ita."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, bai taɓa faɗa wa ko mahaifiyata ba. Allah Ya yi masa rahama.