Kwamfutar Da Ta Ƙi Zama A Ɗakin Nasiru

Jama'a, abin da zan ba ku ɗin nan ba a bakin wani na ji ba, da ni aka yi, kuma wallahi tallahi ko gishiri ban ƙara masa ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a Ɗanbatta, mutane suna ce mini Injiniya, alhali ni na san a hannun wani ubangidana na koya a Kano, ko ƙofar jami'a ban taɓa leƙawa ba.

Wata ranar kasuwa, tsakiyar damina, sai ga wata dattijuwa ta shigo da laftof a naɗe cikin zani kamar jariri, ta ce daga wani ƙauye take ta wajen Kunci. "Ta yayansu ce," in ji ta, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Daga baya na ji sunansa Nasiru. Direban motar haya ne a da, ya yi hatsari, ƙafafuwa suka daina aiki, tun daga nan ya shige ɗaki ya ƙi fitowa, wai ba ya son kallon tausayi. Ƙaninsa Auwalu da ke aiki a Fatakwal shi ya aiko masa da kwamfutar da ɗan sola, kullum in ya samu sarari sai su haɗu ta intanet su buga gem, irin wanda ake sauke ku a fili ku riƙa shiga gidaje kuna tsintar kaya kuna ɓuya. Inna ta ce, "Ɗan nan, ni ban san me suke yi a ciki ba, amma a nan kaɗai nake jin dariyarsa. To yau kwana goma ke nan ta ƙi."

Matsalar ita ce da an shiga gem, minti biyar ba ta kaiwa sai allon ya daskare, ya koma shuɗi, ta ɗauke. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, zafi ne. Na kwance ta, na share ƙurar fanka, na sake shafa man da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta, na cire ram, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, na goge na mayar, na sabunta manhajar da ke sarrafa hoto, na zauna na buga gem ɗin awa biyu cur, ko gezau ba ta yi ba. Na ba Inna, ta yi ta sa mini albarka, ta tafi.

Bayan kwana biyu Nasiru ya kira ni da kansa, murya a cunkushe, ya ce, "Injiniya, aikinka bai yi ba." Aka sake kawowa. Wannan karon har fomatin na yi mata, na sa sabon ram, na canza caja, na gwada wuni guda, lafiya lau. Ta koma gida, ta sake ɗaukewa. Kai! Abin ya taɓa mini zuciya, don ni a lokacin ina ji da kaina, ba na son a ce na'ura ta gagare ni. Na ce to lallai wutar solarsu ce, bari in je in gani da idona.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau babur. An kwana uku ana marka, ranar ne rana ta fito, hanya duk caɓi, gero ya yi tsawo har ya rufe ni ta ko'ina. Na tarar da Nasiru a kan katifa cikin wani tsohon soro na ƙasa mai rufin azara, da gani ƙaƙƙarfan mutum ne a da, amma ya rame sai ƙashi. Na auna batirin solar, na auna inbatar da ke juya wutarta, komai daidai. Na cire caja gaba ɗaya muka shiga gem da batirinta kaɗai, a gabana ta daskare ta mutu. Na ɗauke ta na fita tsakar gida gindin darbejiya, na kunna, na yi rabin awa ina bugawa, lafiya. Na dawo ɗaki, ko zama ban gama yi ba ta ɗauke. Sau uku ina wannan zirga-zirga, wallahi sau uku.

Na ce, "Yaya Nasiru, gaskiya ita ce ban san abin da ke damunta ba. A waje tana yi, a nan ba ta yi. Sai dai ka fito."

Ya ce, "Ba inda za ni. In ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba."

Ana cikin haka Auwalu ya kira, ya ce yau kaɗai yake da hutu, yana jira a gem tun ɗazu. Inna da ke tsaye bakin ƙofa ta ce a hankali, "Ba kowa a gidan, duk sun tafi gona. Ka fito ko iska ka sha, don darajar iyaye." Sai ya miƙo mini hannu ba tare da ya kalle ni ba. Na goya shi, na kai shi kan tabarma, ya rintse ido saboda hasken da ya kwana biyu bai gani ba. Na ɗora masa kwamfutar a cinya, suka shiga gem, ba a jima ba na ji yana yi wa ƙaninsa tsiya yana dariya.

Inna ta ce bari ta ɗauko masa matashi ya jingina. Ta nufi ɗakin, ta kai hannu ga labule ke nan, sai kwamfutar nan da ba ta taɓa tsayawa a waje ba ta daskare, ta saki wata irin ƙara mai tsini, ƙiiii, wadda duk tsawon shekaruna a gyara ban taɓa jin na'ura ta yi irinta ba. Inna ta firgita ta saki labulen, ta juyo wajenmu taku uku tana cewa, "Lafiya? Me ya same shi?"

Rufin ɗakin ya rufto a bayanta. Rim! Ƙasa ta girgiza, azara da jiƙaƙƙiyar ƙasa suka cika ɗakin har bakin ƙofa, katifar nan ko gefenta ba a gani. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta zube tana salati, Nasiru ya ƙura wa wajen ido hawaye na zuba ba ya ko sharewa. Ina waiwayowa na ga kwamfutar ta dawo da kanta, gem na tafiya, ba wanda ya taɓa ta.

Maƙwabta suka cika gidan, wasu na cewa ruwa ne ya cinye azarar, gara ta ƙarasa, kuma gaskiyarsu ne, wannan kowa ya yarda. Abin da ya kashe mini jiki shi ne maganar Auwalu da muka kira shi muka gaya masa. Ya yi ta kabbara, can ya ce, "Yaya, ashe ba kai kake yi ba? Duk ranar da ka ce ta ɗauke, ni a nan ina ganin mutuminka na cikin gem ya fito da gudu daga gidan da muka ɓuya, ya je fili ya tsaya ya ɗaga kai sama. Na ɗauka tsokanata kake yi."

'Yan uwa, duk wanda ya san gem ya san in na'ura ta mutu, mutuminka ko dai ya ƙame a inda yake ko ya ɓace. Ba ya gudu. To wa ke tafiyar da shi? Na buɗe wajen da kwamfuta ke rubuta duk kuskuren da ya same ta, na bi layi-layi, babu ko ɗaya. A wajenta ba ta taɓa ɗaukewa ba. Na tambayi ubangidana, ya ce ƙila danshi ne, na ce danshi ne ya yi ƙara a tsakar gida? Na tambayi wani malami, ya ce rundunonin Ubangiji ba wanda ya san adadinsu sai Shi, in bar zurfafa bincike. Kwamfutar dai ba ta ƙara dawowa shagona ba, Nasiru kuma na ji har ƙofar gida yake zama yanzu ana hira da shi.

Shawarata gare ku, in abu ya ƙi muku, kun bi ta nan kun bi ta can ya ƙi, kada ku yi saurin tsine masa, ba ku san abin da ake tare muku ba. Masu ɗakin ƙasa kuma don Allah a riƙa duba azara in ruwa ya zauna. Ni dai har gobe, in na'ura ta mutu a hannuna ba dalili, kafin in ɗauki sukundireba sai na ji tsigar jikina ta tashi, na ɗaga kai na kalli rufi.