Mutumin da Ya Tashi Mai Gadinsa Daga Barci

Ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa ofis, ya ajiye jakarsa ƙarƙashin tebur, ya kunna kwamfuta, sannan ya ɓata wani abu da gangan. Haka yake fara kowace rana. Ni ne mai kula da wayoyin lantarki da na'urar sanyaya ɗakin injina a kamfanin nan, shekara ashirin ke nan, kuma ranar da na fara ganin haka na ɗauka mutumin ba ƙalau yake ba.

Tsaya Tukuna muke ce masa, don babu abin da ya fi fita daga bakinsa kamar wannan. A makon nan ya ajiye aiki, kuma tunda babu jaridar da za ta buga hotonsa, ni zan faɗi abin da na sani.

Ga aikinsa, yadda ya koya mini shi a bakin butar shayi. Kowace na'ura tana da wata manhaja a can cikinta, wadda ke raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci. Kanel suke ce mata. Kafin rubutunta ya shiga na'ura, sai an harhaɗa shi, wato a mayar da shi yaren da na'ura ke ganewa. Shi kuwa yana dasa 'yan layuka a cikin rubutun, yana kiran su masu gadi. Layin zai ce: akwatin nan gurbi sittin da huɗu ne, in ya wuce haka a dakatar da harhaɗawa. Gara kuskure ya mutu a kan tebur da ya mutu a hannun mai saye. Abin da yake ɓatawa da safe kuwa gwaji ne. Yakan sa lamba ta ƙarya ya ga ko mai gadin zai yi ihu.

Wata Talata, saura kwana uku a miƙa wa wani kamfanin lif, na'urar hawa bene, sabuwar manhajarsa, kuma saura mako guda a ba Tsaya Tukuna shugabancin sashe, ya sa lambar ƙarya a wurin da bai taɓa gwadawa ba. Shiru. Ya sa wadda ta fi ta muni. Shiru. Ashe mai gadin nan lambar da aka riga aka sani kawai yake tarewa. In aka kawo masa wadda ba a tantance ba tukuna, sai ya ɗaga mata hannu ta wuce. Shekara shida yana sharar barci, kowa yana yaba masa da rashin fitina.

Ya duba wa ya rubuta layin. Shi ne.

Babu wanda ya gani. Da irinmu ne, da mun rufe allon mun tafi shan shayi. Shi gyara shi ya yi, yadda duk lambar da mai gadin bai gane ba sai ya tsayar da aiki, ya faɗi layin, ya faɗi dalili. Kafin azahar aikin mutum goma sha ɗaya ya tsaya cak, kuskure arba'in da ɗaya a jere a kan allo.

Manaja ya fito da kansa.

"Tsaya Tukuna, wane ne ya jawo mana wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sau biyu ma. Ni na kwantar da shi, ni na tashe shi."

"To mayar da shi barci zuwa Juma'a."

"In za ka hau lif ɗin da kanka ranar Asabar, sai in mayar."

Gajere, wanda teburinsa ke kusa, ya ce, "Oga, ni dai daga yau matakala zan riƙa bi."

Kwana tara aka yi ana tsintar kurakuran. Arba'in daga ciki ba su da wata illa, kuma Manaja yakan zo ya karanta masa su da ƙarfi kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Na arba'in da ɗaya akwati ne da ya kai gurbi saba'in da biyu, yana taka bayanan maƙwabcinsa, kuma maƙwabcin shi ne mai riƙe lambar benen da lif zai tsaya. Ranar Manaja bai karanta komai ba. Shugabancin sashe kuwa an riga an ba wani. An rubuta a takardar Tsaya Tukuna cewa ba shi da sassauci.

Matarsa ta ce mini ita ba ta yi mamaki ba. "Mutumin da yakan kulle ƙofa ya dawo ya girgiza ta? Ran nan ce mini ya yi gishiri ya yi yawa, alhali bai yi ba, wai ya ga ko zan yi magana."

Na ce, "Kin yi?"

"Har yanzu ban gama ba."

Tsaya Tukuna, kai ne ka kai ƙarar kanka babu wanda ya tambaye ka. Kai ne ka koya mana cewa shirun mai gadi ba shaidar lafiya ba ce, sai an taɓa shi an ji. Ba ka da daɗin zama, wannan gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ta don kana tafiya ba. Amma dubban mutane suna hawa suna sauka kullum ba su san da kai ba, kuma rashin sanin nan shi ne ladan aikinka.

Ranar bankwana Manaja ya miƙa masa allon yabo, an rubuta shekara talatin na hidima. Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Tsaya tukuna. Ashirin da tara ne da wata takwas."

Ɗakin ya fashe da dariya. Gajere ya zaro allon gaskiya daga bayan kujera ya ce, "Baba, gwaji ne. Mun ga ko za ka yi ihu."

Ya juya allon na biyu ya duba bayansa, sannan ya ce, "Wannan daidai ne. An wuce."

Mun gode, Tsaya Tukuna. Allah ya ba ka hutu, ya ba matarka haƙuri, don yanzu ita kaɗai ta rage maka. Ku kuma masu karatu, kowa yana da wani abu da ya daɗe bai ba shi matsala ba, yana ta yabonsa. Gobe da safe ku je ku taɓa shi ku ji. In bai yi ihu ba, ku duba wa ya ajiye shi a wurin, kuma in sunanku kuka gani, ku faɗa da bakinku.